Na shiga daji da ƙarfe biyun dare na fito lafiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina neman alfarmar ɗan fili domin in bai wa masu karatu labarin wata tafiya ta kwana tara da na yi da iyalina a ƙarshen watan Agusta, a jihohin Oregon da Kalifoniya da ke yammacin Amurka. Na san wani zai ce ina ruwan mai fama da tsadar masara da yawon buɗe idon mazauna ƙasar waje, kuma yana da gaskiyarsa. Sai dai ba don in nuna mun sha iska na ɗauki alƙalami ba. Shekarata goma sha huɗu ina zaune kusa da birnin Seattle, ta intanet nake karanta jaridarku, kuma na lura da wuya mako ya fita ban ci karo da kalmar “daji” a kanun labaranku ba, sannan duk inda ta fito, ko dai an kwashi mutane an shige da su cikinsa, ko kuwa an fito daga cikinsa an yi ɓarna an koma. To ni na shiga wani dajin da ƙarfe biyun dare, a guje, ba makami ba ɗan rakiya, na kuma fito lafiya, kuma tun daga ranar nake ta juya abin da ya raba dajin can da namu.

Kafin mu tashi na kira mahaifiyata domin in yi mata sallama in nemi addu'a, kamar yadda na saba duk lokacin da zan yi doguwar tafiya. Da na gaya mata cewa tafiyar ta ƙunshi gudu a cikin daji da dare, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, “Kai yanzu da girmanka da iyalinka za ka shiga daji kana gudu? Wa ya koro ka?” Na ce, “Hajiya, ki kwantar da hankalinki, wannan ba irin dajin da kika sani ba ne.” Ta ce ita dai a saninta daji daji ne, ta bi ni da addu'o'i, ta kuma sa na yi mata alkawarin ba zan bar jikokinta su sauka daga mota ba. Wannan alkawari kam ban cika shi ba, Allah ya yafe mini. Amma ban ga laifinta ba, domin macen da ta daina zuwa biki da ta'aziyya a garuruwan da ta yi shekara hamsin tana zuwa, saboda kawai hanyar ta ratsa ta cikin kurmi, ba za a ce ta yi tsoron banza ba.

Abin da ya fitar da mu shi ne wani tseren miƙa sanda da ake kira Hood to Coast, wato daga Dutsen Hood zuwa gaɓar teku. Wani mutum mai suna Bob Foote ne ya fara shi a 1982 da ƙungiyoyi takwas kacal, yau kuwa ƙungiya sama da dubu ce ke shiga duk shekara, har sai an yi ƙuri'a kafin a sami gurbi. Nisan ya kai kimanin mil 200, wato wajen kilomita 320, wanda ya zarce Kano zuwa Kaduna nesa ba kusa ba. An yanka hanyar zango 36, kowace ƙungiya tana da mutum goma sha biyu, saboda haka kowa zango uku ne rabonsa. Ana raba ƙungiya cikin ƙananan motocin bas guda biyu, shida-shida, idan mutanen mota ta farko suna gudu sai na ta biyu su wuce gaba su ɗan runtsa, haka ake ta karɓa-karɓa tun safiyar Juma'a har yammacin Asabar ba a tsayawa. Sunan miƙa sanda ne kawai, amma ba sanda ake miƙawa ba, wata 'yar munduwa ce mai ƙarfe a ciki, wadda idan aka buga ta a wuyan hannu sai ta naɗe kanta. Abokan aikina ne suka rasa mutum ɗaya suka matsa mini, ni kuma da ban taɓa yin gudun famfalaki ba sai ɗan abin da likita ya ɗora mini saboda hawan jini, na amsa kafin in yi shawara da gwiwoyina. Uwargida ce ta ce tunda dai za a ƙona mai har Oregon, to a kwashi yara ukun a mai da abin hutun ƙarshen shekara, daga bakin teku mu zarce kudu su ga manyan itatuwan da suke gani a littattafan makaranta.

Ran Alhamis muka hau dutsen domin yara su ga inda za a tashi. Dutsen Hood tsohon dutse ne mai aman wuta, tsayinsa ya haura mita 3,400, kuma ko a watan Agusta ana hangen dusar ƙanƙara a samansa. A wajen mita 1,800 akwai wani katafaren masauki na duwatsu da gungumen katako mai suna Timberline Lodge, wanda gwamnati ta ɗauki marasa aikin yi suka gina a lokacin karayar tattalin arzikin Amurka, Shugaba Franklin Roosevelt ya buɗe shi a 1937. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda talaucin wancan zamani ya bar sawunsa a ginin, domin tsofaffin turakun waya ne aka sassaƙa aka yi ginshiƙan matakala masu siffar dabbobi, tsofaffin ƙarafan titin jirgin ƙasa kuma aka lanƙwasa aka yi kayan murhu. Daga ƙofar wannan masauki ake sakin masu gudu rukuni-rukuni, kuma zangon farko gangara ce zalla wadda ke sauko da mutum wajen mita 600 cikin kilomita tara, shi ya sa masu wayo ba sa rububinsa.

Ni na takwas ne a jerin ƙungiyarmu, saboda haka zango na 8 da na 20 da na 32 suka faɗo kaina. Na farkon bai da wani labari, rana ce da zafi da gonaki a gefen garin Sandy. Da yamma muka ratsa birnin Portland, inda na ga abin da ba a sa wa a hoton talla, wato mutane marasa muhalli sun kafa tantuna a ƙarƙashin gadoji, masu gudu da takalman dala ɗari da hamsin suna wucewa ta gabansu. Iyalina kuwa tun da hantsi suka kama hanya mai lamba 26 zuwa garin Seaside na bakin teku, inda tseren ke ƙarewa, domin ba a son motocin 'yan kallo su cushe ƙananan hanyoyin da tseren ke bi.

Zango na 20 shi ne dalilin wannan wasiƙa. Bayan garin St. Helens hanyar takan bar kwalta ta shiga tsaunukan da suka raba kwarin Portland da teku, kuma a nan wayar hannu ba ta da amfani, babu sabis ko ɗigo. Wajen ƙarfe biyun dare abokin gudun da ke gabana ya buga mini munduwar, na kama hawa a kan tsakuwa, sanye da riga mai ƙyalli da tocilan a goshi da 'yar fitila ja mai walƙiya a baya, domin doka ce ba a barin kowa ya yi gudun dare ba tare da su ba. Ƙurar da motocin ƙungiyoyi ke tayarwa ta cika hasken tocilan har sai da na ja ƙyalle na rufe hanci kamar mai tafiya cikin hunturu. Dama da hagu itatuwa ne dogaye baƙi ƙirin, ba ka jin komai sai numfashinka da ƙarar tsakuwa. Ba zan ɓoye maka ba, Malam Edita, na ji tsoro, kuma tsoron iri biyu ne. Akwai wanda na taho da shi daga gida, wanda ke sa duk motsin ganye ya zama mutum da bindiga. Akwai kuma na nan, domin ni baƙar fata ne, kuma na san kundin tsarin mulkin da Oregon ta rubuta a 1857 ya haramta wa baƙar fata zama a jihar, ba a goge wannan sashe ba sai a 1926. Na karanta Ayatul Kursiyyu a zuci na ci gaba da hawa.

Abin da ya kwance mini tsoron ba jarumtaka ba ce. Duk inda hanya ta rabu biyu sai in tarar da mutum a tsaye da fitila yana nuna mini inda zan bi, wata tsohuwa ce a kan kujera ta lulluɓa da bargo, wani saurayi ne yana hamma, kowa kuma sai ya ce mini sannu da ƙoƙari. 'Yan sa-kai ne, amma ba irin namu masu bindigar toka da layu ba. Ƙa'idar tseren ce duk ƙungiyar da ke da ɗan yankin a cikinta ta kawo mutum uku da za su yi aikin kyauta, saboda haka dubban mutane ne ke warwatse a hanyar dare da rana. Ƙauyukan da ake ratsawa su ma sun san amfanin abin, domin makarantu da majami'u da ƙungiyoyin manoma sukan buɗe wuraren wanka da kwana su sayar da abinci, kuɗin ya shiga asusunsu. Mutanen da suke cin abinci da wucewar baƙi ba sa son a taɓa baƙo. Da asuba muka isa wani ɗan ƙauye mai suna Mist, wanda ma'anarsa hazo, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Na yi alwala da ruwan gora mai sanyi kamar ƙanƙara, na shimfiɗa tawul a kan ciyawa tsakanin ɗaruruwan mutane da ke kwance cikin buhunan barci, wata abokiyar aikina da ta girme ni ta tsaya daga gefe tana karkatar da masu wucewa don kada su ratsa ta gabana, alhali ban taɓa yi mata bayanin hukuncin haka ba.

Mun isa Seaside da yammacin Asabar bayan sa'a talatin da 'yan mintoci. Al'adar tseren ce idan mai gudun ƙarshe ya iso, sauran goma sha ɗayan su tare shi a kan rairayi a tsallake layin tare, haka muka yi muna ɗingishi kamar garken da ya kwana yana tafiya. Autanmu ya ruga ya rungume ni, sannan ya ja da baya ya ce, “Baba, kana wari.” Bai yi ƙarya ba.

A wannan rairayin ne na fara lura da abu na biyu. Mun yi kwanaki muna tsayawa a bakin teku daban-daban, ba mu taɓa cin karo da katanga ko mai gadi da ya ce nan na wane ne ba. Wani wurin akan biya kuɗin ajiye mota, amma rairayin kansa ba mai hana ka. Da na bincika sai na ga abin ba haka kawai ya faɗo ba. A 1913 Gwamna Oswald West ya sa majalisar jihar ta ayyana gaɓar tekun a matsayin hanyar jama'a, dabarar da ta hana a yanka ta a sayar. A 1966 wani mai otal a Cannon Beach ya gano cewa dokar ba ta ambaci busasshen rairayin da ruwa ba ya kaiwa ba, sai ya kewaye na gaban otal ɗinsa ya ce na baƙinsa ne kaɗai. Jama'a suka tashi tsaye, Gwamna Tom McCall ya sauka a bakin tekun da jirgi mai saukar ungulu tare da masu awo da 'yan jarida, kuma a 1967 aka sa hannu a dokar da ta bai wa kowa damar shiga dukkan gaɓar jihar, mai tsawon kilomita 580 ko fiye. Maganar ta kai gaban shari'a, kotun ƙolin jihar ta tabbatar wa jama'a haƙƙinsu a 1969. A daidai wannan Cannon Beach ɗin yarana suka yi ta zagaya gindin wani dutse mai tsayin mita 72 da ke tsaye cikin ruwa, suna leƙen halittun da ke maƙale a kwarmin duwatsu idan ruwa ya janye. Ruwan Tekun Fasifik a nan sanyi gare shi ko da bazara, ba ya shiguwa sai iya idon sawu, kuma ko'ina an kafa allunan gargaɗi cewa kada a juya wa teku baya. Babbar 'yata ta juya, igiyar ruwa ta zo ba sallama ta tafi da takalminta ƙafa ɗaya.

Amma inda na fi daɗewa a tsaye shi ne dajin Tillamook, wanda ke kudu kaɗan da tsaunukan da na yi gudu a cikinsu. Wanda ya shiga shi yau, ya ga itatuwa sun haɗe sama har rana ba ta sauka ƙasa, zai rantse haka Allah ya ajiye shi tun fil azal. Alhali kuwa a watan Agustan 1933 wuta ta tashi a wani wurin sarar katako, ta lashe dajin cikin 'yan kwanaki, sannan ta dawo a 1939, ta dawo a 1945, ta kuma dawo a 1951, duk bayan shekara shida kamar mai bin bashi. Jimillar abin da ya ƙone ya kai eka 355,000. Masu filayen da suka ga ba sauran abin sara sai suka daina biyan haraji suka watsar, ƙananan hukumomi suka karɓe filayen suka miƙa wa jiha. A 1948 aka tambayi masu zaɓe ko sun yarda jiha ta ci bashi domin a sake dasa wurin, suka ce sun yarda, duk da sun san yawancinsu ba za su ga ranar da itatuwan za su isa sara ba. Daga 1949 zuwa farkon shekarun 1970 aka dasa itace sama da miliyan 72 da hannu, ban da irin da aka watsa daga jirgin sama. Ma'aikatan gandun daji sun yi, fursunoni sun yi, 'yan makaranta ma an riƙa kwaso su cikin motoci daga Portland da kewaye suna dasawa. Kuma ba dasawa kawai aka yi aka tafi ba, an sare busassun kututturan da ke yaɗa wuta, an fitar da hanyoyi, an gina hasumiyoyin hangen hayaƙi aka zuba masu tsaro. A 1973 Gwamna McCall, shi dai wanda ya tsaya wa bakin teku, ya ayyana wurin a matsayin dajin jiha. Yau ana sarar katako a cikinsa bisa tsari, kuma kaso mai tsoka na kuɗin yana komawa ga ƙananan hukumomin yankin da makarantunsu.

A cibiyar baƙi da ke bakin hanya mai lamba 6 akwai tsofaffin hotunan yaran nan, sun yi layi a kan tudu mai toka da baƙaƙen kututture, kowa riƙe da 'yar fartanya da ƙullin dashe. 'Yata ta tsakiya, mai shekara goma sha ɗaya, ta daɗe tana kallon wata yarinya sa'arta a hoton, sannan ta leƙa taga ta dubi itatuwan da suka fi bene mai hawa goma tsayi, ta ce, “Baba, wai waɗannan su suka shuka?” Na ce su ne. Ni kuwa abin da ya faɗo mini shi ne gangamin dashen itatuwa da aka riƙa fitar da mu muna 'yan firamare duk damina, a zo da babban baƙo ya dasa ɗaya a zuba masa ruwa da sabuwar buta, a ɗauki hoto a watse, kafin kaka awaki sun gama da sauran.

Daga nan muka miƙi hanya mai lamba 101 zuwa kudu, kwana biyu muna tafe teku na hannun dama. Ba zan cika ka da lissafin garuruwa ba. Akwai hasumiyoyin haska wa jiragen ruwa hanya, akwai tuddan rairayi kusa da Florence waɗanda suka sa na ce wa yara ga ɗanɗanon hamada, akwai kuma alluna masu shuɗin fenti a kowane gari da ke nuna inda za a gudu idan girgizar ƙasa ta turo ambaliyar teku, domin an san irinta ta auku a wannan gaɓa a shekarar 1700. Mai niyyar irin wannan tafiya ya sani masauki a Seaside a makon tseren sai an kama tun watanni kafin lokaci, kuma da tsada. Ya kuma yi hattara da farar miyar nan ta naman kodi da ake sayarwa a kowane gidan abinci na bakin teku, domin galibi da naman alade ake haɗa ta, sai an tambaya. Mu dai uwargida ta cece mu da tukunyar shinkafa ta lantarki da dambun naman da ta yi tun daga gida da kwalbar yaji, muka riƙa haɗawa da gasasshen kifi, sallolinmu kuma muna yin kasaru a wuraren hutawa na gefen hanya.

Ƙarshen tafiyarmu shi ne kurmin itatuwan da ake kira redwood saboda jan katakonsu, a arewacin Kalifoniya kusa da Crescent City. Na taso ina ganin rimi shi ne ƙarshen tsayi, kuka kuma ƙarshen kauri, amma a nan sai da na riƙe hulata kafin in ga inda reshen farko ya fara. Su ne itatuwa mafi tsayi a duniya, wanda ya fi kowanne, da aka gano a 2006, ya haura mita 115, kuma wasunsu sun kai shekara dubu biyu a raye. Ɓawonsu kan yi kaurin da ya kusa tsawon tafin ƙafar mutum, shi ke kare su daga wuta, da rani kuma hazon da ke tasowa daga teku suke sha. Mu biyar muka kama hannu muka kasa zagaye rabin gindin guda ɗaya. A nan muka kafa tanti muka kwana biyu a cikin dajin, ni da matata da yara uku. Da magariba wata ma'aikaciyar gandun daji ta zagayo da mota, ta duba takardar wurinmu, ta ce mu kulle duk wani abinci har da man goge baki a cikin akwatin ƙarfen da aka girke a kowane masauki, saboda dabbar nan beyar tana bin ƙamshi. Iyakar abin tsoron da aka gargaɗe mu a kansa ke nan.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa mutanen can sun fi mu son daji tun asali. Ba su fi mu ba. Daga lokacin da aka yi rububin zinariya a Kalifoniya a tsakiyar ƙarni na 19, masu sarar katako sun cinye kusan kashi 95 cikin ɗari na tsofaffin itatuwan nan, ɗan abin da muka gani ragowa ce, wadda wata ƙungiya da aka kafa a 1918 ta fara saye da kuɗin gudummawa, kafin gwamnatin tarayya ta kafa gandun ƙasa a wurin a 1968. Ƙabilun da aka tarar a ƙasar, irin su Clatsop da Tillamook waɗanda sunayensu ke kan allunan hanya, an raba su da filayensu ta hanyar da ba ta da daɗin ji. Ko a hanyar tseren na ga tuddai da aka aske ƙwal kamar kan jariri ranar suna, kuma har gobe ana jayayya a kotu da majalisa kan yawan abin da ya kamata a sara. Bambancin da na gani shi ne dajinsu yana da mai shi, kuma mai shi yana ciki. Akwai ma'aikaci mai albashi da ke zagayawa, akwai hanya da ake gyarawa, akwai ƙauye da ke samun kuɗi idan baƙo ya zo, akwai yaron da kakarsa ta dasa itacen da yake zaune a inuwarsa.

Namu dazuzzukan ma ai ba a rasa doka a kansu ba. Falgore da ke kan hanyar Kano zuwa Jos gandun namun daji ne, na kuma tuna muna yara direba kan rage gudu a cikinsa domin mu ga birai a bakin titi. Kamuku da ke Birnin Gwari gandun ƙasa ne na gwamnatin tarayya. Rugu a Katsina keɓaɓɓen daji ne, Sambisa ma kafin sunansa ya zama abin da ya zama, wurin adana namun daji ne. Duk suna nan a rubuce cikin takardun gwamnati. Abin da ya faru shi ne hukuma ta janye ƙafarta a hankali, ma'aikacin gandun daji ya tsufa ba a maye gurbinsa ba, motar sintiri ta lalace ba a gyara ba, makiyayi da manomin gefen dajin ba su ga wata riba da zaman gandun ke kawo musu ba, har waɗanda suka ga wurin ba kowa suka shiga suka zauna. Na san yau maganar ta wuce ta mai gadi da keke, sai da jami'an tsaro, kuma ba na raina jinin da ake zubarwa a wannan aiki. Amma soja ba zai tabbata a daji ba, ranar da ya fito dole a sami wanda zai karɓi munduwar daga hannunsa, in ba haka ba waɗanda aka kora ne za su dawo su karɓa.

Saboda haka roƙona ga wannan jarida shi ne kada ku jira sai an yi garkuwa da mutane kafin daji ya sami shiga shafinku. Ku tura wakilanku ma'aikatun muhalli na jihohi su tambayo ma'aikatan gandun daji nawa ne suka rage a bakin aiki, shekarunsu nawa, yaushe rabon da a ɗauki sababbi, kuma nawa aka ware musu a kasafin kuɗi, nawa aka saki. Ku tambayi hukumar da ke kula da shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dashen itatuwa domin tare kwararowar hamada, ba yawan itatuwan da aka dasa ba, yawan waɗanda suka kai shekara uku a raye. Ku binciko gandayen da aka yanka aka raba wa manya a matsayin gonaki, da sa hannun wa aka yi. Idan damina ta zo aka yi bikin dashen itatuwa, ku ɗauki hoton kamar yadda kuka saba, sannan ku koma wurin a watan Maris ku ɗauko mana wani, ku buga su gefe da gefe.

Da muka dawo gida na tura wa Hajiya hoton jikokinta a gindin ɗaya daga cikin itatuwan nan, sun zama kamar tururuwa a jikin turmi. Ƙanwata ta ce ta daɗe tana kallonsa, ta sa aka faɗaɗa mata shi a waya tana duba bayan yaran da kyau, sannan ta tambaya ko da sojoji aka raka mu.

Wassalam.

Naku mai karatu a kullum,
daga jihar Washington, Amurka